Hukuncin da Baba Ya Fassara da Bakinsa

Wutar da muke hira a bakinta ba don mu aka hura ta ba, wutar sana'a ce. Kakata, uwar mahaifina, tana toya ƙosai da doya da yamma a ƙofar gidan hayar da take zaune a Sabon Gari, can wajen layin dogo. In ƙullu ya ƙare ta sauke kasko, sai ta sa a kwashe garwashin a wani tsohon kwano a shigar da shi tsakar gida. Mu kuwa yaran gidan mu kewaye shi, muna kokawa a kan ɓurɓushin ƙosan da ya rage a kwando.

Gida ne irin na Sabon Gari, ɗakuna a jere suna kallon juna, kowane ɗaki da yarensa. Akwai Ibo masu shago a unguwar PZ, akwai wani tela Bayarabe, akwai mutanen kudancin Kaduna. Da rana Turancin buroka ke yawo a tsakar gidan, amma in Kaka ta zauna bakin garwashi, kowa Hausa yake ji. Ƙawata Ngozi ma ta fi ni iya amsa mata.

Mu a Samaru muke zaune. Baba malamin ilimin halittu ne a wata sakandare, Mama kuma ma'aikaciyar jinya ce a Shika, yawanci ƙarshen mako a wurin aiki yake samunta. Don haka ni da Baba muke shiga bas ran Asabar mu sauka Sabon Gari, mu kwana wurin Kaka, da safe mu tafi coci tare. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce Malamin Samaru. Ni kuwa ba ta ce mini Rahila, sai "ƙawana", da Hausarta ta Zazzau.

Labari iri biyu ne a bakin Kaka, kuma ba ta taɓa bari su haɗu. In tatsuniya ce, sai ta sauka kan tabarma, ta cire ɗankwali ta ajiye a cinya, ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, akwai wuri." In ta gama sai ta kaɗe zane ta ce, "Ƙarya na dafa muku, wanda ya ƙoshi ya je ya kwanta." Amma in labarin cikin Littafi Mai Tsarki ne, kujera take hawa, ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar mai shiga sujada. Babu baƙuwa a ƙofa, babu dariya, kuma da amin ake rufewa. Ba ta iya karatu ba, a cikin matan zumuntar coci ta haddace su da ka, amma ban ga faston da ya kai ta iya ba da su ba. In tana labarin kwana shida na halitta, takan ɗebi toka a tafin hannu ta hura, mu ga ta tashi, mu yi tsit.

Saboda haka duniya ta zo mini da sauƙi ina yarinya. In ina so in san gaskiya ce ko ƙarya, kan Kaka kawai nake duba.

A Samaru kuma wata duniya ce. Baba ba ya iya wuce ko tsutsa bai tsuguna ya duba ta ba. Yakan kai ni ajinsa in an tashi, ya nuna mini ƙasusuwa da busassun ganyaye da wani babban zane da ke jikin bango, mai nuna jeri daga biri har zuwa mutum. A nan ya gaya mini cewa masu rai suna sauyawa a hankali cikin zamani mai tsawon da kai ba ya iya ɗauka, kuma mu da birai, in aka bi can can baya, tushenmu ɗaya ne. Na tambaye shi, "To Allah fa?" Ya yi dariya ya ce, "Wa kike tsammani ya ba su lokacin?" Wannan ya ishe ni. Ina da gida a Samaru, ina da gida a Sabon Gari, ban ga abin da zai hana in yi labari biyu ba.

Baba ne tafintan cocinmu. Yawancin masu wa'azi da Turanci suke yi, tsofaffinmu kuma ba sa ji, sai shi ya tsaya gefen mumbari yana juyawa zuwa Hausa. Yana alfahari da aikin nan ƙwarai. Yakan ce tafinta ba shi da ra'ayi, abin da aka zuba masa shi yake miƙawa, ba ƙari ba ragi. Ni kuwa a bencin gaba nake zama don kowa ya san ubana ne.

Ina aji huɗu a firamare aka yi taron farkawa, aka gayyato wani baƙon mai wa'azi daga kudu. Mutum ne mai murya, mai son Allah kuma, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Bai san Baba ba, bai san aikinsa ba. Ran Lahadin rufe taro ya ɗauko zancen abin da ake koya wa yara a makarantun boko. Yana faɗa Baba yana juyawa, coci ya ɗau zafi, mata na ɗaga hannu. Can sai ya faɗi wata magana mai tsawo yana nuna ƙasa da yatsa, ya tsaya yana jiran tafinta.

Baba ya yi shiru. Ba dogon shiru ba ne, amma ni na ji shi, don bai taɓa sa mai wa'azi jira ba. Daga nan ya gyara tsayuwa, ya kusantar da bakinsa ga makirufo, ya ce da muryar da yake kirana cin abinci da ita:

"Duk malamin da ya tsaya gaban 'ya'yanku ya ce musu su da biri dangi ne, ya ƙaryata Mahaliccinsa. Wuta ce makomarsa, shi da allin da yake rubutu da shi."

Coci ya ɗauka da amin. Waɗanda suka san aikin Baba suka sunkuyar da kai, wasu kuma suka ƙura masa ido. Ya ci gaba da fassara har ƙarshen wa'azin, ko kalma ɗaya bai tsallake ba.

Da a ce da Turanci kawai na ji maganar nan, daga bakin baƙo, da ta wuce ta kaina kamar sauran ihun wa'azi. Amma da Hausa na ji ta, daga bakin mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na kuma ga zanen nan a bangon ajinsa da idona. Ban yi wata tantama ba. Na fita daga coci ran nan na san ubana ɗan wuta ne, kuma shi da kansa ya faɗa.

Bayan sujada ya ce in zauna wurin Kaka tunda ana hutu, ya shiga bas ya koma Samaru shi kaɗai. Da la'asar wasu mata biyu na zumunta suka shiga ɗakin Kaka suka daɗe. Ta labule na ji ɗaya tana cewa, "Mama, ki ja kunnen ɗanki tun da sauran lokaci." Ban ji abin da Kaka ta amsa ba. Ta fito ta hura wuta ta yi sana'arta kamar kullum.

Da aka shigo da garwashi, yara suka kewaye, ni ban taɓa ƙosai ba. Kallon wutar nake yi. Kullum ina zama kusa da ita, amma ban taɓa tunanin abin da take yi wa fatar mutum ba sai ran nan. Na miƙa yatsa a hankali ina so in ji yadda Baba zai ji. Kaka ta doke mini hannu.

"Ke ƙawana, hauka kike? Doya ne hannun naki?"

Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Kaka, Baba zai shiga wuta?"

Kaka ta dube ni ta daɗe. Ta sauka kan tabarma, wurin tatsuniya. Hannunta ya tafi kan ɗankwali, na ga ta kama ƙullin, amma maimakon ta kwance sai ta ƙara tamke shi. Sannan ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Muka kalli juna, don ba a taɓa yin haka ba. Ngozi ce ta daure ta ce, "Ta shigo, akwai wuri."

Ta ce wata mace ce a wani gari na bakin kogi, tana da 'ya'ya maza biyu. Babban ba ya zama wuri ɗaya, komai ya gani sai ya tambayi daga ina ya fito. Wata rana ya ce zai bi kogin nan da ƙafa har ya ga mafarinsa. Mutanen gari suka ce, kai wawa, kowa ya san daga sama ruwa yake zuwa, kyautar Allah ce, me za ka je nema? Ƙaramin ma haka ya ce, don shi ya sha tsayawa cikin damina ya ga ruwa yana sauka kogi yana cika. Babban dai ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Ya yi ta tafiya har aka fid da rai da shi. Ya ga kogin yana ƙanƙancewa, ya zama rafi, rafin ya rabu gida-gida, har ya kai wani dutse inda ruwa ke tsattsafowa kaɗan-kaɗan, wanda ko akuya ba zai ƙosar ba. Ya dawo a rame, ƙafafu duk kaushi, ya tara mutane ya ce, na gani da idona, daga gindin dutse kogin nan ya faro, kuma a hankali ya tara kansa. Gari ya ɗauka da ihu, wai ya ce ba Allah ke ba da ruwa ba. Ya ce ni ban ce haka ba. Ba wanda ya saurare shi. Aka ce tunda ya raina kogin, kada ya ƙara zama cikin masu shan ruwansa. Ya koma bayan gari ya kafa bukka. Ƙaninsa kuwa, ko gaisuwa.

"Uwar fa?" in ji Ngozi.

Kaka ta ce, "Uwar kullum in ta tuƙa tuwo, kwano biyu take zubawa. Ta ba ƙaramin nasa, ta ɗauki ɗayan a kai ta ratsa tsakiyan gari da rana tsaka, kowa na kallo, ta kai bayan gari. Aka ce mata, ke kin yarda da maganan ɗanki ke nan? Ta ce ban yarda ba. Aka ce to don me kike kai masa? Ta ce ni ban taɓa zuwa gindin dutse ba, ban kuma taɓa hawa sama ba. Abin da na sani, biyu na haifa."

Nan ta tsaya. Muka jira, ba ta ƙara komai ba. Ta ɗauki ɗan itace tana tona garwashi.

Wani yaro ya ce, "To wa ke da gaskiya?" Ta ce ba a gaya mata ba. Ngozi ta ce, "Kaka, ba ki ce ƙarya kika dafa ba." Ta ce, "Ban ce ba. Ku tashi ku tafi ɗakunanku."

Da suka watse na sake tambayarta. Ta jawo ni jikinta, tana ƙamshin man gyaɗa da hayaƙi, ta ce, "Ki ji nan. Ni zancen birin nan ban yarda da shi ba, ko gobe. Da ƙasa aka yi mutum, haka na ji, haka zan mutu a kai. Na gaya ma Malamin Samaru, zan kuma ƙara gaya masa. Amma wuta ba na baƙon nan ba ne, ba nawa ba ne. Mai shi bai ba kowa ajiyan mabuɗi ba."

Ni ba wannan nake so ba. A'a kawai nake so ta ce, da ɗankwali a kanta, in je in yi barci. Ba ta ce ba, kuma na daɗe ina jin haushinta a kan haka.

Ba wanda ya kori Baba daga coci. Lahadi ta gaba dai ya ce maƙogwaronsa na ciwo, aka sa wani ya yi tafinta, kuma ba a sake nemansa ba, shi ma bai sake tambaya ba. Ya koma zama a bencin baya. Daga nan ya fara fita kafin a tashi don kada a yi gaisuwa, daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya. Da asuba nakan gan shi a falo yana karanta Littafinsa shi kaɗai, sannan ya ɗauki jaka ya tafi ya koyar da abin da yake koyarwa.

Kaka kuwa sai ta ɓullo da wata sabuwar al'ada. Duk Lahadi in an tashi sujada, da kayan zumuntarta a jiki, sai ta ɗauki kwanon tuwo da miyar kuka ta shiga bas zuwa Samaru. Tana shigowa za ta ce, "Ina jikan birai? Zo ka ci, in dai danginka na cin tuwo." Baba ya ce, "Inna, in ni jikan biri ne, ke 'yar wa ke nan?" Ta ce Allah ya kiyashe ta. Su yi ta gardama yana ci tana ƙara masa miya. Ba ta taɓa matsawa ko taku ɗaya daga kwana shidanta ba, shi ma bai matsa ba. Haka suka yi har ƙafafunta suka daina hawa bas, ba da daɗewa ba kuma ta rasu.

Ni a tsakaninsu na girma da tsoro. Ban gaya wa kowa ba, amma shekara da shekaru addu'ata ɗaya ce in zan kwanta, Allah kada ka ɗauki Baba yau, ka bari ya tuba tukuna. In ya makara bai dawo gida ba, ba hatsarin mota nake fara tunani ba, inda zai je bayan hatsarin nake tunani.

Abin dariya, ni ma abin da ya karanta na karanta, yanzu shi nake koyarwa a Samaru, ran Lahadi kuma ina koyar da ƙananan yara a coci. A kaina na daɗe da sasanta maganar. Na ga hujjojin da idona, ba zan iya cewa ban gani ba. Na kuma gaskata Allah ne ya yi komai, kuma Littafi ya zo ne ya gaya mana wa ya yi mu da dalilin da ya sa, bai zo ya zama littafin aji ba. In ɗaliba ta tsaya bayan darasi ta tambaye ni, haka nake gaya mata. Wasu iyayen sun gamsu, wasu sun cire 'ya'yansu daga ajina na Lahadi, kuma ban ce ba su da dalilin jin tsoro ba. Abu ɗaya ne na hana a ajina, a ce wa yaro wane ɗan wuta ne. Sai dai abin da kai ya sasanta ba lallai ƙirji ya ji labari ba.

Sai da na haihu na fahimci abin da Kaka ta yi a bakin garwashin nan. Ba ta iya ce mini a'a da ɗankwali a kai, don ba ta sani ba, kuma ba ta ƙarya a cikin wannan shiga. Ba ta kuma iya ce mini i, don ɗanta ne. Sai ta ba ni iyakar abin da take da tabbaci a kansa, wato abin da ita za ta yi, ta kuwa yi shi har ƙarfinta ya ƙare. Na ga girman wannan yanzu. Amma har yau ban yanke ba ko daidai ta yi. Yarinya ce ta tambaye ta, kuma yarinyar nan ta kwashi shekaru tana kwana da wuta a ranta saboda kalma ɗaya da aka hana ta.

Ni da Baba ba mu taɓa tayar da zancen wa'azin nan ba sai da ya kwanta ciwon ajali a asibiti a Shika. Wata rana da la'asar Mama ta fita sayo magani, ni kaɗai nake gefensa ina ɓare masa lemo. Sai kawai na ji bakina ya tambaye shi me ya sa ya fassara. Ai da ya sassauta, ko ya tsallake, baƙon ba zai sani ba.

Ya ce, "Tafinta ba ya tsallakewa." Ya maida numfashi. "Kuma Rahila, ina tsaye a wurin nan, wani ɓangare na zuciyata yana cewa, in fa gaskiya ne? Ban fasa koyarwa ba, don abin da na gani na gani. Amma tambayar nan ba ta taɓa barina ba."

Ban taɓa zaton shi ma yana tsoro ba. Duk shekarun nan ina ganin ni kaɗai ce.

Ya ce, "Ba wa'azin ne ya hana ni komawa ba, ba kuma kallon mutane ba. Da na gama faɗa na dubi bencin gaba na ga fuskarki. Kin yarda da ni." Ya juyo da kai a kan matashi. "Har yanzu kina ganin can za ni?"

Na amsa masa da Turanci, yadda muka saba yi a gidanmu in magana ta yi nauyi. Na jero masa duk abin da nake gaya wa ɗalibaina. Ya bari na gama, sannan ya girgiza kai.

"Da Hausa na yanke wa kaina hukunci," in ji shi. "Ki faɗa mini da Hausa."

Na ajiye lemon. Ban fi Kaka sanin abin da ke bayan mutuwa ba, kuma na san ban fi ta ba. Amma na riga na ɗanɗana abin da rashin kalmar nan ke yi wa mutum, ba zan bar shi ya tafi da shi ba. Na riƙe hannunsa, na sunkuya daidai kunnensa.

"A'a, Baba," na ce. "Ba za ka shiga wuta ba."

Ya rufe ido ya ce, "Ƙara faɗa."